Wa Ke Riƙe da Makunnin? Tambayoyi da Amsoshi daga Tudun Wada

Na fi shekara 20 ina koyar da aikin lantarki a nan Kaduna, da yamma kuma ba a rasa ni a majalisarmu ta wajen mai shayi a Tudun Wada. An san ni da hali biyu: karatun labaran zuwa duniyar wata, da jan kowace hira zuwa tarihi. Ɗalibai na tambaya, abokai na tsokana, kuma maganar kusan iri ɗaya ce kullum. Da na gaji da maimaitawa sai na tara su wuri guda. Wanda ya ga tasa a ciki ya kwantar da hankalinsa, ban kama suna ba.

Malam, kai da aka ɗauka koyar da waya da soket, me ya kai ka tarihi da siyasa?

Garin ne ya kai ni. Kano da Katsina da Zariya suna da ganuwa da sarauta tun Bature bai san hanya ba. Kaduna kuwa, ko da yake Gbagyi na zaune a yankin tun da can, birnin da muke gani layin dogo ne ya haife shi. Zungeru ba ta yi wa Gwamna Lugard ba, sai aka zaɓi inda jirgin ƙasa ke tsallake kogi, ga ruwa, kuma babu babban sarki a kusa da zai raba wa gwamna kwarjini. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan. Har 'yar gadarsa ta ƙarfe ta Zungeru daga baya kwance ta aka yi aka kawo lambun Gamji, tana nan har gobe.

Haka kuma aka ci gaba. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna. Masaƙar UNTL da masana'antar makamai ta DICON suka zo a 1964, kamfanin haɗa Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Babu ɗaya a cikinsu da ya tsiro kamar ciyawa, kowanne akwai wanda ya zauna a ofis ya sa hannu a takarda.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun nan ne. Mu ba da agogo muka tashi ba, da jiniya muka tashi. In ta yi kuka, masu aikin dare su fito, masu aikin safe su shiga, kekuna su cika titi kamar fari, masu ƙosai da koko su yi ciniki su tashi. Ranar da jiniyar gidansu ta yi shiru, injinan ba su gama tsufa ba. Wuta ce ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, tun daga karya darajar naira a 1986 kayan gyara suka gagari saye, noman auduga ya ja baya, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Ka duba waɗannan dalilai da kyau ka nuna mini wanda sukundireba za ta gyara. Wanda ya tashi a irin gidanmu ba sai an koya masa cewa inji da mulki a kwano ɗaya suke ci ba.

Wai mene ne almarar kimiyyar nan? Ba tatsuniya ce aka sa mata wando ba?

Suna da dangantaka, amma da bambanci. A tatsuniya in aljani ya ɗauke ka zuwa bayan duniya, ba wanda zai ce ta yaya. An ce aljani, magana ta ƙare. Marubucin almarar kimiyya kuwa ba shi da wannan gatan. In ya ce an ƙera jirgin da zai je wata duniya, dole ya san abin da jirgin ke sha, abin da mutanen ciki ke shaƙa, wanda ya biya kuɗin, da wanda aka bari a ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina. Labarin da ya tsaya kan ƙyalƙyalin na'ura kawai, shafi 10 ya ishe ni na ajiye.

Kuma ba baƙon abu ba ne a Hausa. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya. A shekarar ce Amurkawa suka taka wata, a shekarar kuma muna tsakiyar yaƙin basasa. Ana harbi a Gabas, wani Bahaushe na zaune yana tunanin taurari. Abin da ke ba ni takaici shi ne hanyar da ya share ba ta samu masu bi da yawa ba.

Baba, hasashen abin da zai faru gaba ba shiga gaibu ba ne?

Wanda ya ce ya san gobe ya yi ƙarya, Allah kaɗai ya sani. Amma manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanyarsa bai yi duba ba. Irin labaran nan cewa suke yi, in aka ci gaba a kan wannan hanya, ga inda za ta iya ɓullewa. In kana da sauran shakka ka tambayi malaminka, ni malamin waya ne.

Mu da ba mu gama da ruwan famfo ba, ina ruwanmu da sararin samaniya?

Ruwanmu ya daɗe a ciki, sani ne ba mu yi ba. A farkon shekarun 1960, lokacin da Amurka ke harba mutanenta na farko su kewaya duniya, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawunsu a Kano take. A watan Agusta 1963 shugaba Kennedy ya yi magana da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi waya ta wannan hanya. Nan kusa da mu a Kujama an kafa tashar sadarwa da tauraron ɗan'adam, masu bin hanyar Kachia sun san manyan farantan nan. A Zariya kuma akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004.

Sai dai ka lura da yadda muke shiga. Tashar Kano ta masu ita ce, da suka gama suka naɗe kayansu. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi a 2003. NigComSat-1 daga China ya tashi a 2007, farantansa na hasken rana suka lalace a 2008, muka zauna jiran madadi har 2011. Ba raina ƙoƙarin injiniyoyinmu nake yi ba, da yawa sun koyi aikin sosai. Amma kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wani abu da ke ba ni dariya mai ɗaci. A 1898 marubucin Ingila H. G. Wells ya rubuta labarin wasu halittu daga duniyar Mars da suka sauka da makaman da ba a taɓa gani ba, suka tarwatsa sojan Ingila. Mutanen Landan sun karanta suna jin tsoro a kan kujerunsu. Shekara 5 bayan haka, a 1903, Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Mahaya dawakai da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwa. Abin da su suka karanta a littafi don nishaɗi, kakanninmu a filin daga suka gan shi. Shi ya sa in Bahaushe ya ce labarin baƙi daga wata duniya shirme ne, nakan tambaye shi wa ya shata wa garin Kaduna tituna miƙaƙƙu, in ba baƙi ba.

Kawu, gaskiya ne mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira za su ƙwace mana aiki?

Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita, wato "robot", ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo na ƙasar Cek na 1920, kuma asalinta a harshensu aikin tilas take nufi. Mu ma mun san abin. Da aikin tilas aka shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka yi diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Mai mulki ya daɗe yana neman ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya yajin aiki, ba ya neman fansho. Da bai samu na ƙarfe ba ya yi da na jini.

Amma a nan Kaduna dubban ma'aikatan Kakuri ba mutum-mutumi ne ya kore su ba. Tsayawar inji ce ta kore su. Tsoronmu ya bambanta da na Jamus ko Japan. Su suna tsoron na'ura ta maye gurbinsu a masana'anta, mu masana'antar ce babu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne wani inji a wata ƙasa ya yi atamfa ko takalmi da araha, mu zama masu saye kawai.

Game da ƙirƙirarriyar basira, ina amfani da ita, ba na ɓoyewa. Tana taimaka mini tsara darasi. Amma wani ɗalibina ya taɓa kawo mini aikin gida kan haɗa wayar gida, rubutu tsaf, Turanci kamar na jarida, sai dai duk lissafin a kan wutar Amurka mai ƙarfin 120 aka yi shi, mu kuwa tamu ta kai ninki biyu. Ban yi masa faɗa ba. Na ba shi kwan fitila na ce ya bi takardarsa ya haɗa a allon gwaji. Ya fi minti 5 yana kallon allon bai taɓa ba, sannan ya ce, "Malam, a ba ni zuwa gobe."

Hausarta ma sai da lura. Wayoyi da yawa sun sa mun saba rubutu babu ƙugiya, ƙasa da kasa duk ɗaya, ɓata da bata duk ɗaya. Na'urar da ta koyi harshe daga irin wannan rubutu, abin da muka zuba mata shi za ta dafa mana.

Na'ura ba za ta gyara mana zaɓe ba?

Mu 'yan Kaduna mun fi kowa hurumin amsa wannan. A watan Mayu 2018 jiharmu ce ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a duk Najeriya. Ka danna alamar jam'iyya, ta fitar da 'yar takarda. An sake a 2021, a 2024 kuma aka gyara doka aka koma takarda. Majalisa ce ta kawo, majalisa ce ta ɗauke. A matakin ƙasa an kawo na'urar tantance kati a 2015, an kawo BVAS mai tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, sai ga shi a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 sakamakon rumfuna ya ƙi hawa intanet a kan lokaci, abin da aka yi ta alkawari kenan.

Ban ce ba ta da amfani ba. Ta rage yawan matattun da ke tasowa su jefa ƙuri'a. Amma ba ta ganin taliya da sabulu da ake rabawa a bayan makaranta, kuma ba ta bin takardar sakamako zuwa ɗakin tattarawa da tsakar dare. Ka tuna Balarabe Musa. An zaɓe shi gwamna a PRP a 1979, babu mai musun ƙuri'unsa, amma majalisa ta NPN ce. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, a watan Yuni 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Ƙidayar ƙuri'a daidai ce, rigimar a wani wuri take.

Me ya sa kowace magana sai ka ce "wa ke riƙe da makunnin"?

Don shi ne darasin farko da nake ba sabon ɗalibi: kafin ka taɓa waya, ka san inda makunnin yake, ka kuma san wanda ke tsaye kusa da shi. Na daɗe ina faɗin haka a aji kafin na gane ya wuce aji.

A ƙarshen Satumba 2021 aka katse sabis na waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga, sai ƙarshen Nuwamba aka maido. Ina da 'yar'uwa a ɗaya daga cikin garuruwan. Wata biyu ba mu ji muryarta ba, saƙo sai ta hannun direban mota, kamar zamanin da muke yara. Ban ce gwamnati ba ta da hujja ba, mutane na mutuwa a lokacin. Abin da na koya shi ne wayar da na saya da kuɗina, na sa mata kati da kuɗina, ashe rabinta kawai nake da shi. A shekarar ce kuma aka rufe Twitter tun daga Yuni har Janairu 2022. A ƙarshen 2022 aka canza fasalin naira, a farkon 2023 takardun kuɗi suka yi wuyar samu, kuɗinka na banki kana ganinsu a waya, amma mai tumatir a Kasuwar Barci ba ta karɓar lamba. Mun sayi naira da naira a wajen masu POS.

Jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016, mun yi murna, mun ce an huta da hanyar mota. Daren 28 ga Maris 2022 aka dasa bam a dogo, aka kashe wasu, aka tafi da wasu daji, na ƙarshensu sai Oktoba suka dawo. Tashar Rigasa ta yi shiru har Disamba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi. Daren 3 ga Disamba 2023 mutane na taron Mauludi, jirgi marar matuƙi na soja ya sakar musu bam, fiye da mutum 80 suka rasu. Sojoji sun amsa cewa kuskure ne. Shekara da shekaru ina karanta labaran injin da ke kisa daga sama, wanda ke sarrafa shi yana zaune nesa yana kallon allo, ina ɗauka labarin wasu ƙasashe ne. Ashe tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce daga inda nake shan shayi. Jirgin bai san Mauludi ba, bai san taron 'yan bindiga ba. Wani ne ya kalli ɗigo-ɗigo a allo ya yanke hukunci. Bayan wannan na yi watanni ban buɗe irin littattafan ba. Allah ya ji ƙansu.

To mu watsar mu koma zaman da?

Wane da? Mutanen Nok, a kudancin jihar nan, suna narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Duk inda ka koma za ka tarar da maƙeri. Kuma duk wanda ya taɓa bin layin buga waya kafin GSM ta zo a 2001, ko ya aika gaisuwa ta Zaɓi Sonka yana fatan 'yan'uwa na kusa da rediyo, ba zai so komawa ba. Ni ban so.

Ina matashi zai fara in yana son sanin tarihin garin nan?

Ba a WhatsApp ba. Ka je Arewa House, gidan da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, yanzu cibiyar bincike ce. Ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin 'yan mulkin mallaka ke jibge, ka ga yadda suke ƙirga mu da shanunmu don haraji da jangali. Ka leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu. Sannan ka nemi tsohon ma'aikacin reluwe ko na masaƙa ka saya masa goro ka yi shiru.

Kuma ka ji daga ɓangare biyu na kogi. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin nan, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, unguwannin da aka tashi tare suka zama na ɓangare ɗaya. Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a inji ɗaya da mutumin Zonkwa, suna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, amma kowannensu na da waya cike da labarin abin da "su" suka yi. A 2000 jita-jita a ƙafa da babur take yawo, kuma mun ga ɓarnar da ta yi. Yau ba ta buƙatar ko takalmi.

Kai da ke ta sukar marubuta, yaushe za ka rubuta naka?

Wannan daga majalisa take zuwa, kuma ta dace da ni. Na fara. A Panteka na kafa labarin, don a ganina in akwai wurin da gobe ke leƙowa a Kaduna, can ne. Ka shiga ka ga yaron da bai gama sakandare ba ya kalli injin markaɗe sau ɗaya, ya tara gwangwan da tsohon ƙarfen mota, ya yi walda ya fitar da irinsa. Su ba sa jiran safaya daga Legas. Abin da ya mutu a wajen mai shi, a wajensu yanzu ya fara rayuwa.

A labarina an kai shekarar 2080. Wutar garin duk ta sola ce, amma batiran a kulle suke zuwa daga waje, in ka yi jinkirin biya kwana ɗaya a kashe maka daga wata ƙasa. Akwai wata yarinya a Panteka, jikar mai walda, da ta gano yadda ake buɗe su. Mutanen Rigasa na zuwa wajenta, na Sabon Tasha ma na zuwa, gadar da kakanninsu suka daina tsallakawa sai ga su a kai da batir a ka. Hukuma na nemanta, kamfani na nemanta, wani ɗan takara kuma ya aiko mata da mota.

A nan na tsaya, shafi na 14 a littafin rubutu mai layi. Na san ba za ta miƙa kanta ga hukuma ba, na san kamfani ba zai same ta ba. Motar ɗan takarar ce ta hana ni barci, don duk lokacin da na rubuta ta ƙi shiga sai na ji na yi ƙarya. Mai shayinmu ya ce in bar ta ta shiga, ta kwance injin a hanya. Ina duba shawararsa.